Jar Shinkafar da Muka Bari a Baya

Duk wanda ya taso a Minna tun zamanin da tashar jirgin ƙasa ke cika maƙil da fasinja zai tuna cewa shinkafa ba abincin kullum ba ce a gidajenmu. Ta Sallah ce, ta biki, ta baƙon da ake ganin girmansa. A cikin wadda ake kawo mana daga fadamun ƙasar Nufe da Wushishi akwai wata ja, mai saurin karyewa a turmi. Iyayenmu mata kan sha casa da tsintar tsakuwa kafin ta shiga tukunya, amma in aka tuƙa tuwonta, ciki ya samu abin riƙewa har dare. Da 'yar waje ta shigo, fara tas, doguwa, ba tsinta, sai muka juya wa tamu baya ko sallama babu.

Ashe wadda muka raina ita ce 'yar gida. Kusan duk shinkafar da duniya ke ci a yau asalinta Asiya ne, amma ainihin jar nan ta gargajiya, wadda masana ke kira Oryza glaberrima, manoman Afirka ta Yamma ne suka hore ta daga shinkafar daji kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Ba a rubuta wannan tarihi a takarda ba. A cikin ƙwayar kanta aka karanto shi.

Ga yadda abin yake. Kowane mai rai, tsiro ne ko dabba ko mutum, yana ɗauke da wani dogon zare a cikin ƙwayoyin halittarsa da ake kira DNA. Sinadarai huɗu ne a jere a kansa, waɗanda masana suka yi wa alama da A, C, G da T, kuma yadda suka biyo juna shi ne gadon: tsawon kara, launin ƙwaya, juriyar fari. A 1953 aka gano siffar zaren nan a Ingila, shekarar da aka buɗe tashar binciken shinkafa a Badegi, kusa da Bida. A 1977 Frederick Sanger ya fito da dabarar karanta jerin harafi bayan harafi. An kammala na shinkafar Asiya a 2005, na tamu kuwa sai a 2014, haruffa fiye da miliyan 300.

Abin da aka tarar a ciki ya isa a jinjina wa magabata. Shinkafar daji da ta nuna take zubar da ƙwayarta ƙasa, kafin lauje ya iso. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa sauyin harafi ɗaya tak ya taimaka wajen hana wannan zuba. Kakanninmu ba su san harafin ba. Sun dai lura da zangarniyar da ke jiran mai yanka, suka ware ta iri, shekara bayan shekara, har ta zama abin nomawa. A 2018 kuma, da aka karanta jerin samfuri 246 na shinkafar gida da ta daji, sai sawu ya kai ga fadamun Kogin Neja a ƙasar Mali. Har a Surinam ta Kudancin Amurka an samu jar nan a gonakin jikokin bayi, jerinta na nuna dangantaka da ta Kwaddibuwa.

Kada mu ga laifin manomin yau da ke neman sabon iri kamar FARO 44 a wurin mai sayar da iri. Ja ba ta cika buhu kamar sabbin ire-iren, karanta na kwanciya, kuma mai iyali buhu yake ƙirgawa. Sai dai da tsohuwar zuma ake magani. Ja tana danne ciyawa, tana jure ƙasar da wasu ba sa jurewa, wasu ire-irenta kuma ba sa kamuwa da cutar nan mai mayar da ganye rawaya. Wannan ne ya sa Monty Jones, ɗan Saliyo, ya haɗa ta aure da ta Asiya aka samu irin da ake kira NERICA, aikin da ya jawo masa babbar kyautar abinci ta duniya a 2004.

Yanzu ga 'ya'yanmu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, suna karatun wannan ilimi a Bosso da Gidan Kwano, kan hanyar da za ta kai mutum Badegi. Na'urar karanta DNA sai ƙara arha take, amma ba ta karanta irin da ya ɓace. Akwai samfurori a ma'ajiyar iri a Ibadan da Buwake, kowanne da lambarsa da inda aka ɗauko shi. Abin da lamba ba ta faɗa shi ne wace fadama yake so, yaushe ake shuka shi, wane ne ke tsira in ruwa ya yi ambaliya. Wannan yana bakin tsofaffin ƙauyukan Lavun da Katcha da Wushishi, kuma ɗalibin da zai je hutu gida ba ya buƙatar tallafin kowa kafin ya zauna da kakarsa ya rubuta sunayen irin da take ajiyewa.