A liƙa wa ma'aikata haƙƙinsu a bango, kuma da Hausa

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, garin ya samu ƙaruwar gidajen burodi da masana'antun ruwan leda da na bulo da gidajen mai da ɗakunan kwanan ɗalibai. Matasa daga cikin gari da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye ne ke riƙe da waɗannan ayyuka. Sai dai duk wanda ya leƙa irin waɗannan wurare ya san abin da aka saba gani a bango: kalanda, da takardar rajista, da sanarwar "ba a ba da bashi". Da wuya a ga takardar da ke gaya wa ma'aikaci abin da doka ta ba shi.

Ba don doka ta yi shiru ba ne. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai aiki ya bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa. Ta tanadi hutun kwana ɗaya a kowane mako, da hutun shekara na aƙalla kwana shida da albashi ga wanda ya cika wata 12, da hutun jinya har kwana 12 idan akwai takardar likita. Mace mai juna biyu tana da mako 12, da aƙalla rabin albashinta idan ta yi wata shida tana aiki. Sallama ma tana da ƙa'ida: wanda ya wuce wata uku sai an ba shi sanarwar mako ɗaya, wanda ya kai shekara biyar kuma wata guda.

Haka nan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun NSITF, domin wanda injin ya cinye wa yatsa ko murhun burodi ya ƙona ya samu diyya. Matashin da bai taɓa jin wannan ba, idan tsautsayi ya faɗa masa, abin da yake samu shi ne kuɗin magani na kwana biyu da "Allah Ya sawwaƙe".

A Amurka, doka ta tilasta wa masu aiki su kafe sanarwar mafi ƙarancin albashi da ta kariya daga haɗari a inda kowa zai gani. A Najeriya ma Dokar Masana'antu ta buƙaci a liƙa taƙaitaccen bayaninta a cikin masana'anta. Amma wannan ya tsaya ne kan lafiya da kariya, kuma dokokin da Turanci aka rubuta su, harshen da mai buga bulo bai cika karantawa ba.

Saboda haka lokaci ya yi da za a samar da takarda ɗaya tak, da Hausar boko da ajami, mai ɗauke da waɗannan haƙƙoƙi da lambar wayar ofishin ƙwadago, a liƙa ta kusa da inda ake biyan albashi. Dokar ƙwadago hurumin Gwamnatin Tarayya ne, don haka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago da ke Katsina ne ya dace ya tsara ta. Ƙungiyar NLC reshen jihar za ta iya buga ta, ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi kuma su miƙa wa kowane mai sana'a lokacin da jami'ansu suka je karɓar haraji.

Masu sana'a za su ce ana son zuga musu yara, alhali su ma da ƙyar suke tsira ga tsadar fulawa da dizal. Kukansu abin saurare ne, amma takardar ba ta ƙara musu ko sisi a kan abin da doka ta riga ta ɗora musu. Hasali ma kariya ce gare su. Misali, mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wurin da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, bai kuma shafi masu aikin jinga ko na noman damina ba. Idan wannan yana bango, an rage jayayyar da ake yi kan jita-jita.

Wasu kuma za su ce wanda ke tsoron kora ba zai iya nuna takarda ga maigidansa ba. Gaskiya ne, takarda ba ta maye gurbin jami'an duba wuraren aiki ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Amma babu mai neman haƙƙin da bai san da shi ba, kuma maigidan da ke wuce wannan takarda kullum safiya ba zai sake cewa bai sani ba. Kuɗin buga ta bai kai na buhun fulawa ɗaya ba.