Waiwaye: Mutum Uku, Da'awa Ɗaya

A watan Yulin 1959, a asibitin masu taɓin hankali na Ipsilanti da ke jihar Mishigan a Amurka, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Milton Rokeach ya haɗa majinyata uku wuri guda. Kowannensu ya haƙƙaƙe shi ne Yesu Almasihu. A lissafin Rokeach, in suka riƙa yin ido huɗu kullum, dole wani ya sauko, tunda mutum uku ba za su zama mutum ɗaya ba. Aka jera gadajensu, aka sa su cin abinci a teburi ɗaya, aka tura su aiki ɗakin wanki tare.

Shekara biyu ana abu ɗaya, babu wanda ya sauko. Dattijon cikinsu, tsohon manomi, cewa ya yi sauran biyun matattu ne, injuna ne ke magana a cikinsu. Haka wannan cuta ta ruɗu take: duk hujjar da aka kawo mata, sai ta haɗiye ta, ta ƙara ƙarfi.

Da gardama ta gaza, Rokeach ya koma yaudara, kuma a nan ne labarin ke sosa mini rai. Ƙaramin cikinsu ya yi imani yana da mata, alhali babu ita a duniya. Sai aka riƙa rubuta masa wasiƙun ƙarya da sunanta, har da yi masa alƙawarin haɗuwa. Bawan Allah ya je ya jira, ba wadda ta zo. Bai warke ba, sai ma ya ƙara janye jiki daga mutane. Littafin binciken ya fito a 1964, kuma bayan shekaru Rokeach da kansa ya amince ba shi da hurumin wasa da rayuwarsu, ko da sunan ilimi.

Kada a haɗa wannan da waswasi. Mai waswasi, irin wanda ke maimaita alwala har sallah ta wuce shi, ko ya yi ta komawa duba ƙofar da ya riga ya kulle, yawanci ya san tunanin ba shi da tushe, sanin ne ma ke azabtar da shi. Wanda ruɗu ya kama kuwa ba ya shakka ko kaɗan. Duka biyun likitocin ƙwaƙwalwa suna da maganinsu, amma hanyoyin sun bambanta.

Idan akwai ɗan'uwa a gidanku da ya kafe cewa ana bibiyarsa, ko an zuba masa guba a tuwo, ko matarsa na cin amanarsa ba tare da wata shaida ba, ku daina taron dangi a kansa don a ƙure shi. Kada kuma ku biye masa ko ku shirya masa ƙarya. Tsoron da yake ji na gaske ne, ku saurare shi, ku lallaɓa shi zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa tun abin bai yi nisa ba.