Haddar Buɗe Wasa Ba Ta Mai da Ɗalibi Gwanin Ces

A wasan ces, wanda wasu ke kira darar Turawa, mai fararen 'ya'ya yana da zaɓi 20 a motsinsa na farko, mai baƙaƙe ma haka. Ke nan kafin a je ko'ina, allon zai iya ɗaukar siffa 400 daban-daban. Wannan yalwa ce ta sa aka wallafa manyan littattafai a kan hanyoyin buɗe wasa, ɗalibai kuwa suka duƙufa ga haddace su kamar karatun allo. A nan kuskuren yake.

A shekarar 1946 wani masanin halayyar ɗan Adam daga ƙasar Holan, Adriaan de Groot, ya gano cewa manyan gwanaye ba su fi sauran ƙwararru zurfin lissafi da wani abin kirki ba. Fifikonsu shi ne saurin hango motsin da ya dace. A 1973, William Chase da Herbert Simon na Amurka suka riƙa nuna wa 'yan wasa allo na daƙiƙa 5 kacal. Idan jerin 'ya'yan daga wasa na gaske aka ɗauko shi, gwani yakan tuna mafi yawansu. Idan kuwa watsa su aka yi barkatai, da kaɗan yake ɗara sabon shiga. Ashe ƙwaƙwalwa dangantaka take riƙewa, wato wane ne ke tsaron wane, wane ne ke barazana ga wane.

Alal misali, a buɗewar Ruy Lopez, wadda ta samo suna daga wani limamin Kirista ɗan Sifaniya da ya yi littafi a 1561, Fari kan fito da doki ya kai wa sojan Baƙi hari. Baƙi ya fito da nasa dokin domin tsaro, sai Fari ya tura bishof ya takura wa dokin. Wanda ya fahimci wannan dalili ba zai ruɗe ba idan abokin karawa ya kauce wa littafi. Mai hadda kuwa nan take zai tsaya cik.

Saboda haka ya kamata malamai masu kula da ƙungiyoyin ces su ba ɗalibai cikakken wasan gwanaye, su rufe motsi na gaba, kowane ɗalibi ya faɗi abin da zai yi da hujjarsa. Haka ma a ajin kimiyya: wanda ya haddace sunayen sassan zuciya bai san dalilin kaurin bangon ɗakin hagu na ƙasa ba, tambaya ɗaya da aka sauya wa fasali ta isa ta kayar da shi a jarrabawa.