Ra'ayinmu: Kuɗin horar da 'yan agajin gaggawa, ina rabon unguwanninmu?

'Yan'uwa mazauna Sabo, Shasha, Ojoo, Bodija da sauran unguwannin Ibadan.

Idan ba a manta ba, a daren 26 ga Agustan 2011 an yi ruwan sama a garin nan wanda ya cika madatsar Eleyele ta yi ambaliya, ya karya gadar Apete, ya ci rayukan mutum fiye da 100. Dattawanmu kuma suna tuna ambaliyar Ogunpa ta 1980. A daren 16 ga Janairun 2024 wani abu ya fashe a Bodija ya rushe gidaje, Gwamna Seyi Makinde ya ce nakiyoyin masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba ne aka ɓoye a cikin gida. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Disamba, yara 35 suka mutu a turmutsutsu wajen wani taron rabon kyauta a Bashorun. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya san cewa kafin motar gwamnati ta iso, maƙwabta da masu wucewa ne ke fara tonon mutane da ɗaukar su. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan kuɗin da gwamnatin tarayya ke warewa domin shirin ko-ta-kwana da horar da masu ceto.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka agajin gaggawa shi ne buhun shinkafa da katifa da ake rabawa bayan an yi asara. Wannan ƙarshen aikin ne. A 1999 aka kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, kuma dokar da ta kafa ta ta ba ta kashi 20 cikin ɗari na asusun gyaran muhalli. Cikin ayyukan da aka ɗora mata har da wayar da kan jama'a da shirya su tun kafin bala'i ya auku. Tsarin da aka yi hawa uku ne: NEMA a tarayya, hukumar jiha irin OYSEMA ta nan Oyo, sannan kwamitin agajin gaggawa a kowace ƙaramar hukuma. Jihohi da ƙananan hukumomi ma suna da nasu kason na kuɗin muhalli a cikin abin da ake rabawa duk wata a Abuja.

Akwai hanya ta biyu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a zuba a asusun kiwon lafiya na matakin farko, sannan kashi 5 cikin ɗari na wannan asusun na jinyar gaggawa ne. Daga nan aka samo shirin motocin ɗaukar marasa lafiya da ake kira NEMSAS. Ban da waɗannan, a 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 200 domin maganin ambaliya a Ibadan. Rance ne, biyansa za a yi, kuma ba za a ware Bahaushe a gefe ba ranar biya.

To wannan kuɗi na wane ne? Na asusun tarayya ne, wanda kuɗin mai da na kwastan da harajin kayan masarufi ke shiga ciki. Mai sayar da goro a Sabo da mai albasa a Shasha da dillalin shanu a kara duk suna biyan haraji da kuɗin tikiti kullum, wani lokaci ma har a karɓa sau biyu. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya ga dama a ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko garin da ya fito ko addininsa. Unguwar Sabo kuwa tun 1916 take. Akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke masu cibiya. Saboda haka idan aka zo zaɓen waɗanda za a koya wa aikin ceto da kuɗin tarayya, babu dalilin da zai sa a tambayi yaronmu takardar shaidar ɗan asalin jiha. Wuta ba ta tambayar wannan takarda kafin ta tsallaka katangar maƙwabci.

Abin da muka fi damuwa da shi shi ne yadda ake gudanar da irin wannan horo. Sau da yawa a ɗakin taro ake yi, da Turanci, ga ma'aikatan ofis, a ɗauki hoto a watse. Ba mu ce kada a horar da ma'aikata ba, 'yan kwana-kwana da ma'aikatan jinya suna buƙatar horo da kayan aiki fiye da kowa. Amma wanda ke fara isa wurin haɗari a titi ɗan acaba ne. Wanda ke kusa da ruwa in rumfa ta kama da wuta mai garuwa ne. Wanda ke kwana a kasuwa da tsakar dare maigadi ne da ɗan dako. Mafi yawan waɗannan yaranmu ne, suna da ƙarfin hali, ilmin abin ne babu.

Ni da idona na ga abin da rashin sanin nan ke jawowa. Shekarun baya risho ya fashe a wani gida kusa da mu, wuta ta kama wata yarinya a hannu da ƙirji. Kafin a ce me, wannan ya kawo manja, wancan ya fasa ɗanyen ƙwai, wata ta shafa man goge baki, kowa da niyyar alheri. Da muka kai ta asibiti ma'aikaciyar jinya ta yi ta faɗa, domin sai da aka sha wahalar wanke ciwon kafin a fara magani. Ashe abin da ake so shi ne a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a kan ƙunar har wajen minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a wuce asibiti. Ni kaina ban sani ba a lokacin. Haka nan muna watsa ruwa a wutar fetur, alhali ruwa yaɗa ta yake yi, yashi ake so. Muna ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, yana iya shaƙe shi. Muna ciccibar wanda mota ta buge a naɗe shi a bayan babur, in kuwa ƙashin bayansa ya taɓu mun gama da shi. Duk wannan karatun yini biyu ko uku ne. Ni da na koyi karatun boko da gemuna a ajin yaƙi da jahilci, na tabbata babba yana ɗaukar darasi in an yi masa da harshen da yake ji.

Kuma ba daga farko za a fara ba. Muna da 'yan agajin Fityanul Islam da na Jama'atu Nasril Islam da na Izala, masu kaki da shugabanni da tsari, su ne ke kula da sahu ranar Idi da wajen wa'azi. Mutanen da suka saba tsare taron dubban jama'a, in aka ƙara masu horon taimakon farko da na kashe gobara, aka haɗa su da 'yan kwana-kwana da Red Cross, garin gaba ɗaya ne zai amfana, har da maƙwabtanmu Yarbawa. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, inda wuta ta ci dukiyar ɓangarorin biyu.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, mu ma da namu laifin. Mun tsawaita rumfuna sun cinye hanya, akwai lungunan da ko an kira motar kashe gobara ba inda za ta bi. Muna zuba shara a kwata, damina ta zo mu ce ƙaddara. Wasu na ajiye jarkokin fetur a ɗakin da yara ke kwana. Wayoyin wuta kuwa a wasu gidajen haya, in ka ɗaga kai sai gabanka ya faɗi. Ba za mu je gaban shugaban ƙaramar hukuma neman haƙƙi ba alhali yana iya nuna mana wannan da yatsa.

Akwai haƙƙoƙi biyu da ya kamata kowane magidanci ya riƙe tun yanzu. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta 2014 ya hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar jinyar gaggawa bisa kowane irin dalili, kuma wanda ya saɓa zai iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Wata doka ta 2017 kuma ta wajabta wa asibitoci su yi wa wanda aka harba da bindiga magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce. A rubuta ta a jikin ƙofa, a koya wa mata da yara, domin su ne a gida in abu ya faru da rana.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wannan ya ba mu ƙarin hujjar ƙwanƙwasa ƙofar Ibadan ta Arewa da Akinyele, inda akasarinmu ke zaune. Za mu rubuta masu takarda, da sanin iyayenmu sarakunan Hausawa, mu tambaya ko kwamitin agajin gaggawa na aiki, su wane ne a ciki, kuma nawa aka sa a kasafin kuɗi domin horo. Za mu nemi kujera a kwamitin, da horo da Hausa a cikin unguwa, maza da nasu, mata da nasu. In aka yi shiru, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman irin wannan bayani a rubuce, kuma da ita za mu sake komawa.

Kafin nan muna roƙon kowane mai unguwa da shugabannin 'yan acaba da na kasuwa su kawo wa sakatare sunayen matasa biyar-biyar masu natsuwa, waɗanda ke zaune a nan rani da damina, ba 'yan ci-rani masu komawa gida da faɗuwar ruwa ba. Za a haɗa sunayen da takardar, don kada a ce mana an nemi mutane ba a samu ba.