Zancen Zango: Mayafin da Aka Bari a Ƙasan Akwati

  Wannan karo zancen tufa na kawo muku, kuma abin da ya tsokano shi wani tsohon mayafi ne da ya faɗo hannuna ta hanyar gado.

Watannin baya Allah ya yi wa gwaggona rasuwa, tana da shekara tamanin da ɗoriya. Allah ya jiƙanta. Bayan an share makoki sai dangi suka taru aka buɗe akwatunanta don a raba kaya. Leshi da atamfa da shadda, kafin ka ce kwabo kowanne ya sami mai so. Da aka kai ƙasan akwati na ƙarshe sai ga wani mayafi a naɗe cikin tsohon kallabi, saƙar hannu, rinin baba, baƙi da fari sun sarƙe kamar gashin zabo. Aka ɗaga shi, aka juya, aka ajiye gefe. Wata jikarta ta dube ni ta ce, "Kawu, wannan ai sai dai a shimfiɗa wa yara. Wa zai yafa shi ya shiga taro?" Aka yi dariya. Ni dai na ce in ba mai so a bar mini, aka ce ai ka rage mana kaya.

Ban ga laifin yarinyar ba, domin ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata abin da ke hannunta. Laifin namu ne manya, shi ya sa na ga ya kamata yau in faɗi abin da na sani.

Irin wannan saƙa ita Hausawa ke kira saƙi. Da na shimfiɗa mayafin a gida na ƙirga ƙwarya goma sha biyu, wato siraran layukan da masaƙi ke fitarwa daga masaƙarsa, kowane faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, sa'an nan a jera su a haɗe da allura. Kafin zaren ya je wurin masaƙi, mata sun gurje audugar sun fid da gurya, sun shiɓe ta, sun kaɗe ta da mazari suna dangwalar alli. Daga nan zaren da za a yi baƙi da shi ya tafi karofi. Can marini ya riga ya daka ganyen baba ya dunƙula ya shanya, ya zuba a ramin marina tare da ruwan toka da katsi, ya bar shi kwana da kwanaki yana motsawa da doguwar sanda har ya nuna. In aka tsoma zare aka ɗago, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya juya shuɗi a gaban idonka. Tsomi ɗaya ba ya isa, sai an yi ta maimaitawa kafin a sami baƙin da ake so. Bayan haka masaƙi ya yi wadari, ya ɗaura wa kunkuru dutse, ya zauna yana taka allira yana wurga ƙoshiya. Ka ga mayafi guda ya ratsa hannun manomi da makaɗiya da marini da masaƙi da maɗinki, kowa ya ci abincinsa a ciki.

To, me ya haɗa wannan da mu mazauna zango? Ai shi ne ma ya kawo mu. Kakanninmu goro suka zo nema, amma ba hannu rabbana suka zo ba. Ayarin da ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu da Sansanne Mango da Yandi har ya sauka Salaga, tufa ce babban kayan da ke bisa jakunansa, sai kanwa da jan fata. Wannan shi ne fataucin Gwanja da muka ji a bakin tsofaffi, kuma masaukin da madugu ke yada ayarinsa shi ne zangon da yau ya zama sunan unguwanninmu. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa tufar da ake saƙawa ake rinawa a can tana kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus, tana kaiwa Tambutu. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, tana nan har yau. Garin Kura kuwa shi ya shahara da turkuɗi, wanda mabuga ke buga wa shuni har ya riƙa walƙiya, Buzaye su saya su yi rawani. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake suka bazu zuwa Kete Karachi da sauran garuruwa, aka yi ta kafa sababbin zangogi. Duk inda suka je da irin wannan tufa suka je. Saboda haka abin da yarinyar can ta so a shimfiɗa wa yara, shi ne jarin da kakan kakanta ya shigo da shi ƙasar nan.

Wata ƙwarya daga cikin mayafin ta farke a gefe, don haka na shiga neman wanda zai gyara mini. Aka yi mini kwatancen wani dattijo a bayan unguwarmu, wanda na tuna tun muna yara muna tsayawa kallonsa yana saƙa a ƙarƙashin rumfa. Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi. Da ya karɓi mayafin sai ya murza shi tsakanin yatsu, ya kai hanci ya sansana, ya yi shiru. Can ya ce, "Ɗana, wannan zaren mazari ne, ba na inji ba. Rabon da in taɓa irinsa na manta." Na ce, "Baba, ina masaƙarka?" Ya nuna mini saman rufi, ga itatuwan an ɗaure su da igiya, gizo-gizo ya yi saƙarsa a kai. 'Ya'yansa maza uku, ɗaya yana tuƙa motar haya, ɗaya yana gyaran waya a kasuwa, na ukun yana ci-rani. Ba wanda ya koya, kuma ya ce shi da kansa bai matsa musu ba.

Na tambaye shi ko zai iya saƙa mini sabo irin wannan. Ya ce zai iya in an samo zare, ya faɗi kuɗin. Jama'a, a nan ne na ji kunyar kaina, domin ban san sa'ad da bakina ya raba kuɗin biyu ba, kamar ina tayin tumatir. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Ka ji abin da ya hau da masaƙar sama. Aikin mako guda ne wannan, ban da rini. In ka shiga kantin leshi, abin da aka rubuta shi kake biya ka yi godiya. In ka zo wurina sai ka tuna ka iya ciniki." Ban sami amsa ba, har yanzu kuma ban samu ba.

Na san masu karatu za su ce ai zamani ne ya kashe sana'ar, kuma da gaskiyarsu ta wani ɓangare. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, daga nan darajar baba ta fara faɗuwa a duniya duka. Zaren inji ya kori mazari, har yawancin masaƙan da suka rage da shi suke aiki, wasu marina kuma suna surka baba da rinin kanti don aiki ya yi sauri. Ga yadin da inji ke buga wa zanen saƙa a fuska a kawo shi da arha. Ga kuma gwanjo: an ƙiyasta tufa kusan miliyan 15 ke shiga kasuwar Kantamanto ta Ankara kowane mako. Masaƙi da ƙoshiyarsa ba zai yi tsere da wannan ba.

Amma ku dubi maƙwabtanmu, su ma ai zamanin nan suke ciki. Ran 6 ga Maris 1957, da Kwame Nkrumah ya hau dandamali a tsohon filin folo don shelar 'yancin Gana, fugu ne a jikinsa. A 2004 gwamnati ta ƙaddamar da tsarin sa tufafin gida ran Juma'a. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa saƙar kente cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Je ka Bonwire ka ga samari a kan masaƙa, je ka Ntonso ka ga ana dafa ɓawon itace ana buga adinkira. Je ka Daboya, a bakin Farin Volta cikin ƙasar Gwanja, ka ga ramukan rini suna aiki, zare a shanye, masaƙa na ƙara ko'ina cikin gari. Abin da ya riƙe waɗannan sana'o'i ba wani sirri ba ne. Asantawa ba sa yin babban biki ba kente, Dagwambawa da Gwanjawa ba sa fita Damba ba fugu, kuma suna biyan kuɗin na gaske ko da na bugawa yana nan a arha. Mu kuwa da aka san kakanninmu da saƙa da rini daga nan har bakin hamada, yau in aka yi aure a zango ka duba taron kaf, da wuya ka ga ƙyalle ɗaya da hannun ɗan zango ya saƙa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ba cewa nake a zubar da shadda a koma daurin saƙi ba, ni ma shadda nake sawa ran Salla. Shawarata ƙarama ce, kuma ba ta fi ƙarfinmu ba.

Da farko, iyayenmu mata masu haɗa lefe, a cikin turamen da ake jerawa a sa mayafi ko zane ɗaya na saƙar hannu. A rage leshi ɗaya a sa shi a madadinsa, don kada a ce na ƙara wa ango nauyi. Ku ƙirga auren da ake ɗaurawa a zangonku cikin shekara, ku ga ko ba zai ishi masaƙi biyu ko uku su sauko da masaƙa daga rufi ba.

Na biyu, in mun je saye mu ji tsoron Allah a wajen tayi. Wanda ya kwana bakwai yana taka allira ba a yi masa tayin wulaƙanci. Na fara da kaina, domin na koma wurin dattijon na biya abin da ya faɗa tun farko.

Na uku, sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin matasa su nemo tsofaffin da suka iya saƙa da kaɗi da rini tun suna raye, a haɗa su da yara biyu ko uku lokacin hutun makaranta, a riƙa ba malamin ɗan abin goro daga asusun ƙungiya. In ba marina a kusa, Daboya ba ƙasar waje ba ce. Yaro ya iya boko ya iya ƙoshiya, ba abin da ya rage shi da shi.

Na huɗu, mu san abin da muke saye, kada a sayar mana da bugun inji da sunan saƙa. Juya tufar ka duba bayanta: saƙa ta gaske ciki da waje duk ɗaya ne, ta bugawa kuwa bayanta fari-fari yake. Bi da yatsa ka ji ɗinkin da ya haɗa ƙwarya da ƙwarya. Zaren mazari ba ya zuwa daidai, wani wuri kauri wani wuri siriri. Rinin baba yana da warinsa, kuma sabo yakan ɗan shafa a hannu, wannan ba aibu ba ne. In za a wanke, a sa ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, a wanke shi shi kaɗai, a shanya a inuwa.

Na ƙarshe, duk mai tsohuwa a gida ya roƙe ta ta buɗe akwati tun tana da rai, ta faɗi sunan kowace tufa da inda ta fito, a rubuta. Ni na yi sake, gwaggo ta tafi da labarin nata mayafin, abin da na ji kawai shi ne na mahaifiyarta ne.

Dattijon ya gyara mini farkar da allura, sai ka ƙura ido kafin ka gane wurin. Ya kuma sa an sauko masa da itatuwan masaƙa, muna jiran zare daga arewa. Tsohon mayafin na mayar da shi cikin kallabinsa na ajiye wa jikar nan, ran aurenta zan sa mata shi a akwati, ko ta yafa ko kada ta yafa, in dai ta san na wane ne. Wanda ke da irin wannan tufa a gida, ko ya san wani masaƙi ko marini a zangonsu, ya rubuto mana ta hannun edita mu sanar da jama'a.