Tsohuwar Marsandi Da Bashin Ruwa: Wannan Wane Irin Girma Ne?

Abin takaici, ma'aikaci Musulmi zai ci bashin ruwa a banki, ya nufi Kwatano ya sayo tsohuwar Marsandi wadda Bature ya gaji da ita ya yasar, don kawai a ce masa ranka ya daɗe. Albashi ya ƙare wajen bakanike da gidan mai, iyali na kwana da yunwa. Riba fa shelanta yaƙi ce da Allah da ManzonSa (S)! Da Marsandi na tsare mai ita, da ta tsare Janar Murtala, wanda aka harbe a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Ga motar can gidan tarihi a Legas. Mai neman girma a jikin ƙarfe ya je ya gani.