Shawara Bisa Zaɓen Bayis Domin Ƙaramin Injin Sassaƙar Ƙarfe

Ina neman ku ba ni aron kunnuwanku bisa wata magana wadda a ido ƙarama ce, amma a wurin aiki babba ce ƙwarai. Kowa ya shiga ɗakin koyon sana'a ya ga bayis, watau ƙarfen nan mai muƙamuƙi biyu wanda a kan murɗa ya matse abin da a ke aiki a kansa. Mutum ya kan tara kuɗi wata da watanni ya sayi ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe domin aikin sha'awa a gida, sa'an nan in an zo kan bayis sai ya ɗauki wanda ya fara cin karo da shi a kanti. A ganina wannan kuskure ne, gama inji ba ya iya yanka daidai sai abin da aka ba shi yana riƙe daidai. Wuƙar na juyawa da ƙarfi, tana tura ƙarfen gefe, tana kuma neman fizgo shi sama. In riƙon ya yi sako-sako, aiki ya ɓaci, wuƙa ta karye, wani lokaci ma ƙarfen ya yi tsalle ya sami mai aikin a fuska.

Abu na fari shi ne girma. A kan ambaci bayis da faɗin muƙamuƙinsa, a ce mai inci 3, ko mai inci 4, ko mai inci 6. Da yawa su kan ga mai inci 6 a manyan ma'aikatu, sai ransu ya biya. Amma fa shi wannan an yi shi ne domin inji irin Bridgeport, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a 1938, mai tebur faɗin inci 9, mai nauyin kusan kilo 900. Bayis ɗin kansa ya kai kilo 30, tsawonsa kuwa ya haura inci 16. To, dubi ƙaramin injin da masu sha'awa suka fi saye, irin Sieg X2 na birnin Shanghai. Faɗin teburinsa bai cika inci 4 ba, tafiyarsa gaba da baya kamar milimita 100 ce, shi kansa kuma nauyinsa bai wuce na buhun siminti da yawa ba. In ka ɗora masa wancan ƙato, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Bayansa zai bugi ginshiƙin injin tun tebur bai gama tafiyarsa ba, gabansa zai rufe maka mariƙin da ka ke juyawa, nauyinsa kuma ya riƙa cin hanyoyin da teburin ke zamewa a kai. Har 'yan ƙarafan da ke gindinsa, masu shiga kwararon tebur, an auna su ne da kwararo mai kashi 5 cikin 8 na inci, alhali na ƙaramin injin milimita 12 ne. Mai inci 3 shi ne daidai da irin wannan inji. Mai inci 4 sai injin da ya ɗara shi.

Na san wani zai ce, "To, ranar da babban aiki ya zo fa?" Amsa ita ce, babban aiki ba sai da bayis ba. A kan sauke bayis ɗin, a kwantar da ƙarfen bisa tebur, a danne shi da maɗauran da ke shiga kwararo. Wannan riƙo ya ma fi ƙarfi. Bai kamata mutum ya takura aikinsa na kullum saboda aikin da ba ya zuwa sai jifa-jifa ba.

Abu na biyu shi ne iri. Akwai bayis na injin huji, mai sauƙin kuɗi, wanda kamanninsa ke ruɗin baƙo. Shi injin huji ƙasa kaɗai ya ke dannawa, saboda haka ba a damu da goge bayis ɗinsa ya daidaita sarai ba, kuma muƙamuƙinsa mai motsi yana da wasa. In ka murɗa, sukurun na turawa daga ƙasa, ƙarfen da ka matse na turjewa daga sama, sai muƙamuƙin ya ɗan ɗaga, ya ɗaga aikin tare da shi. Ɗagawar ba ta fi kaurin gashi guda ba, amma mai wannan sana'a da kashi ɗaya cikin 1000 na inci ya ke lissafi, gashin kai kuwa ya kai uku irinsa. Sai ka sassaƙe fuska biyu, ka auna, ka tarar gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri.

Maƙera sun yi wa wannan ciwo magani iri biyu. Kamfanin Kurt na birnin Miniyafolis a Amurka ya fito da dabarar da ya kira AngLock. An sa wani ɗan ƙarfe kamar rabin ƙwallo a karkace tsakanin noti da muƙamuƙi, har ya zama in sukuru ya tura gaba, muƙamuƙin na danna ƙasa da rabin ƙarfin turawar. Wasu kamfanoni sun kwaikwayi wannan fasali, har da ƙanana masu inci 3 da inci 4. Iri na biyu shi ne ƙaramin bayis na masu ƙera kayan aiki, wanda ba shi da dogon sukuru. An yi shi da ƙarfe mai tauri, an goge dukan fuskokinsa, ƙusa guda ce mai zare ke jan muƙamuƙin gaba da ƙasa a lokaci ɗaya. Ba shi da tudu, ba shi da nauyi, a kan iya kwantar da shi ta gefe ko a tsai da shi. Aibinsa shi ne jinkiri, domin in girman aiki ya sāke sai ka matsar da maƙalarsa zuwa wani gurbi. Ga mai aikin sha'awa, wanda ba wanda ke tsaye a kansa da agogo, wannan jinkiri ba kome ba ne, shi ya sa na fi karkata ga wannan iri domin ƙaramin inji.

Abu na uku shi ne gindi mai juyawa, wanda 'yan kasuwa ke kwaɗaita wa mai saye. Yana da kyaun gani, da lambobinsa kewaye. Amma yana cinye inci guda ko fiye daga ratar da ke tsakanin tebur da wuƙa, ratar da dā ma ba ta wadaci ƙaramin inji ba, yana kuma ƙara gaɓa guda inda girgiza za ta shiga. In ya zo tare da bayis, kwance shi ka ajiye a akwati sai ranar da aikin kusurwa ya taso.

Saura maganar kuɗi. Araha ba ta ado, amma tsada kaɗai ma ba shaida ba ce. Shaida ita ce awo. In ka kawo bayis, share gindinsa da tebur sarai, ɗaure shi, ka maƙala agogon awo a kan injin. Bi da allurarsa bisa shimfiɗar da aiki ke zama a kai, daga wannan gefe zuwa wancan. Sa'an nan ka bi da ita jikin muƙamuƙin da ba ya motsi, gama shi ne ma'aunin dukan abin da za ka yanka, ka yi ta ƙwanƙwasa bayis ɗin a hankali har allura ta daina kaɗawa. Daga nan sai ka jera sanduna biyu masu tudu ɗaya, ka ɗora ƙarfe a kansu, ka matse, ka buga shi sannu da guduma mai taushi, ka taɓa sandunan da yatsa. In sun kafe, bayis ya ci jarrabawa. In suna zamewa, mai da shi wurin mai shi tun da wuri. Masu cewa a sayi na banza a gyara sun manta gyaran nan sai da injin guga, wanda ya fi bayis ɗin tsada nesa ba kusa ba.

Mu da a ke shirya mu domin mu koyar da na baya, wannan ya shafe mu fiye da kowa. Yaron da aka ba bayis mai ɗaga aiki zai bi dukan ka'idar da malaminsa ya gaya masa, ya auna ya ga karkace, ya ɗauka hannunsa ne ba shi da kyau, har ya fid da rai daga sana'ar. Saboda haka ina roƙon duk wanda aka ɗora wa sayen kayan ɗakin sana'a, ko mai shirin kafa nasa a gida, ya auna teburin injinsa tukuna kafin ya nufi kanti, ya kuma ware wa bayis rabonsa tun ranar da ya ke lissafin kuɗin inji. Allah ya sa mu dace.